Shanun da Ba Su da Tozo: Duwatsun Birnin Kudu da Idon Kyamara

A shekarun 1950 ne masana suka fara rubutu kan zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kuma Bernard Fagg na cikinsu. Abin da ya ja hankali shi ne yawancin shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun da makiyayi ke kora a yau tsakanin Kiyako da Gwaram masu tozo ne. Ke nan dutsen yana riƙe da labarin wani zamani da ya riga namu.

Sai dai launin zanen yana dushewa. Hanyar ganin abin da ya ɓuya ta faro tun 1800, lokacin da William Herschel ya gano akwai haske a bayan launin ja wanda ido ba ya kamawa, wato infrared. A 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat na farko ɗauke da na'urar da Virginia Norwood ta tsara, mai ɗaukar hoton ƙasa a zangon haske huɗu. Daga baya dabarar ta sauko ɗakunan adana littattafai: daga 1999, a Baltimore, da ita aka karanta rubutun Archimedes da aka kankare aka yi wani a kansa.

Kyamarar yau takan ɗauki abu guda sau goma ko fiye, kowane karo da haske daban, sannan kwamfuta ta kwatanta hotunan. Baƙin gawayi yana nan da duhunsa a ƙarƙashin infrared, jar ƙasa kuwa sai ta yi haske. Ta haka ake raba zane da tabon dutse, a kuma bambance zanen da aka ɗora kan wani.

Amma kyamara ba ta faɗin shekarun zane, ba ta kuma dawo da abin da aka fasa ko aka kankare gaba ɗaya. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa waɗannan duwatsu cikin kayan tarihin Nijeriya, sai dai rana da damina ba su san doka ba. Duk ƙahon da ya goge kafin a ɗauke shi da irin wannan kyamara, ya tafi ke nan.