Yadda Talakawan Ingila Suka Shiga Gidajen Manya

A ƙasar Ingila tun dā al'adar manyan mutane ce su gina ƙasaitaccen gida a ƙauye, a tsakiyar gonakinsu, mai ɗakuna talatin ko hamsin, da lambu, da bargar dawaki, da barori cunkus. Talaka kuwa ba ya taka ciki sai in aiki ya kai shi, shi ma ta ƙofar baya. Amma yau akwai irin gidajen nan da jama'a kan haɗa kuɗi su sauka ciki, su yi hutun mako guda tare. Ga yadda abin ya faro.

A garin Colne, cikin lardin Lankasha, an yi wani limamin Kirista ana ce da shi T. A. Leonard. Mutanen garin galibinsu masaƙa ne. Kowace shekara akan rufe masaƙu mako guda, ba a biyan kowa ko kwabo, sai su ɗunguma bakin teku, su ɓad da ɗan abin da suka tara wajen shaye-shaye da wasanni. Abin ya dami Leonard. Cikin 1891 sai ya kwashi mutum 32 ya kai su Ambleside, ƙasar duwatsu da tafkuna, suka yi 'yan kwanaki suna yawo a ƙasa. Kowa sule 21 ya biya, har da kuɗin jirgi. Daga nan aka sami jam'iyyar Co-operative Holidays Association, wadda ta shiga hayar manyan gidaje, kamar Abbey House na Whitby.

Zaman gidan yana da ka'ida. Ba giya. Da safe a yi addu'a, a karya kumallo a teburi guda, sa'an nan a bi jagora a hau dutse, wani lokaci ba a komowa sai rana ta yi sanyi. Da dare a taru a babban zaure, a yi waƙa da karatu da hira. A wasu gidajen baƙo shi ke goge takalmansa, ya kuma taya wanke kwanoni, don kuɗin ya yi sauƙi. Maza da mata duka ana karɓarsu, abin da ya sa dattawan lokacin gunaguni ba kaɗan ba.

To, da tafiya ta yi nisa, sai malaman makaranta da akawuna suka rinjayi masaƙa yawa, suna neman jin daɗi. Leonard bai so haka ba, don ba su ya nufa ba. Cikin 1913 ya fita ya kafa Holiday Fellowship a Conwy, ƙasar Wales.

Zamani kuma ya taimake su. Tun 1894 gwamnati ta ɗora haraji a kan gādo, bayan yaƙin 1914 kuwa harajin ya hau, barori suka yi wuya. Magada suka rasa yadda za su riƙe gidajen kakanninsu: wasu aka rushe, wasu aka mai da su makarantu, wasu suka faɗa hannun jam'iyyun hutu da araha.

Leonard ya rasu cikin 1948. Jam'iyyarsa ta fari ta watse, amma ta biyun tana nan da sunan HF Holidays, tana saukar da mutane a gidajenta na Ingila da Wales da Sikotilan.