Kano da Kofin Gwamna na 1953: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙwallon Ƙafa a Arewa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Manufar wannan maƙala ita ce waiwayar shekarar 1953, wadda a cikinta 'yan wasan Kano suka ci Kofin Gwamna, gasar ƙwallon ƙafa mafi girma a Nijeriya a wancan zamani. Za a dubi yadda wasan ya shigo Arewa, da yadda nasarar ta samu, da abin da ya biyo bayanta, sannan a taɓo sawun da wasan ya bari a harshen Hausa.

2.0 Hanyoyin Shigowar Wasan

Ta hanyoyi biyu ƙwallon ƙafa ya kafu a Arewa. Ta farko ita ce makarantar boko. Tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, Turawa sun ɗauki wasannin motsa jiki a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. Ɗaliban da suka sauke karatu su ne suka zama malaman Midil, suka yaɗa wasan a larduna.

Hanya ta biyu ita ce jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kamfani, waɗanda akasarinsu suka zauna a Sabon Gari. Idan aka lura, garuruwan Arewa da suka kai wasan ƙarshe a shekarun 1950, wato Jos da Kano da Zariya, duk garuruwan dogo ne. Gombe kuwa sai a farkon shekarun 1960 jirgi ya iso ta.

3.0 Nasarar 1953

An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, zamanin Gwamna Arthur Richards. A shekaru takwas na farko kofin bai taɓa barin Ikko ba: ƙungiyar Marine ta ci sau biyu, ta Reluwe sau huɗu, sauran biyun ma ƙungiyoyin Ikko ne suka ɗauka. Fatakwal da Wari sun sha kaiwa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana. Jos ma ta kai a 1951, Reluwe ta doke ta da ci 3 da 2.

A 1953 ne aka karya wannan lago. Zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka kara da Dynamos ta Ikko a wasan ƙarshe, suka yi galaba da ci 2 da 1. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiya daga wajen Ikko ta ɗauki kofin. Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954, Kalaba ta doke ta, haka kuma a 1955 Fatakwal ta yi nasara a kanta. Kaiwa wasan ƙarshe sau uku a jere ya nuna cewa nasarar farko ba sa'a ce kawai ba.

Akwai abin lura game da shekarar kanta. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da wa'adin, aka yi musu ihu a Ikko. A watan Mayu rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka yi asarar rayuka fiye da talatin. Ke nan a shekara guda sunan Kano ya fito ta fuska biyu: a fagen siyasa alamar rarrabuwa, a filin wasa kuwa gari mai gogayya da sauran garuruwan ƙasa bisa doka ɗaya.

4.0 Abin da Ya Biyo Baya

Daga 1953 kofin bai sake haurowa Arewa ba sai a 1989, lokacin da BCC Lions ta Gboko ta ci shi, bayan shekara 36. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta biyo baya a 1991, inda ta doke Kano Pillars, ta kuma maimaita a 1992. Kano ta jira shekara 66 kafin Pillars ta ɗauko kofin a Kaduna a 2019, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi, na jingina nasarar 1953 ga Kano Pillars. An kafa Pillars ne a 1990, saboda haka gadon tarihin ta yi, ba ita ta buga wasan ba.

5.0 Sawun Wasan a Harshe

Hausa ta karɓi wasan ta hanyoyi uku. Ta faɗaɗa ma'anar kalmomin da take da su, kamar ƙwallo da raga da ci da fili. Ta ari wasu ta hausantar da su, kamar gola da fenariti da kofi. Ta kuma ƙirƙiri sababbi, kamar mai tsaron gida da alƙalin wasa da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Zaman gola da mai tsaron gida kafaɗa da kafaɗa har yau misali ne na yadda aro da ƙirƙira ke gogayya a harshe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa makaranta da dogo su ne suka share fagen nasarar 1953, kuma nasarar ta buɗe wa sauran garuruwa ƙofa. Aikin da ke gaban manazarta shi ne bin tsofaffin jaridu, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, domin gano lokacin da kowace kalma ta fara bayyana a rubuce, da kuma naɗar bayanan dattawan da suka ga wancan zamani tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.