Yashin Kuza da Tokar Bola

Ni mai sayen latas da karas ne a bakin titi a Tina Junction, shi ya sa nake damuwa da ƙasar da ta fid da su. Lambunan rani da dama a Jos kan tsohon filin kuza suke, a gefen kogin Dilimi da kududdufan da haƙa ta bari.

Tun kafin zuwan Bature mutanen Liruwai ke narkar da kuza. Turawa suka kafa sansani a Naraguta, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, sannan aka yi diban gwamna daga 1942 zuwa 1944, aka kwaso dubban talakawa aikin tilas na haƙar kuza, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Kasuwar kuza ta karye a 1985. Abin da aka bar mana shi ne tulin yashi wankakke.

Wankin nan shi ne ɓarnar. Ƙasa mai rai tana da abin riƙo: ruɓaɓɓen ganye da taki, da laka, da tsatsar ƙarfen da ke sa marmara ja. Su ke damƙe ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, su hana saiwa zuƙarsu. Ruwan wankin kuza ya tafi da lakar da takin, ya bar yashi mai tsami, kuma tsami ke kwance wannan damƙa. Kadmiyam ke fara kuɓucewa, dalma ta fi naci.

Masu lambu ba su jira kowa ba. Suka riƙa sayen sharar bola, su ƙona, su tankaɗe tokar, su haɗa da kashin kaji da na shanu. Toka na kashe tsami, taki na mayar da riƙo. A ganina ba wanda ya farfaɗo da ƙasar Jos kamar waɗannan mutane, kuma ba a gode musu ba.

Sai dai bolar yau cike take da batir da gwangwanin fenti, ana ƙona su tare, gubarsu ta bi tokar zuwa kunya. Ƙasa za ta riƙe ta muddin ana zuba taki. Ranar da mai lambu ya koma ga yuriya zalla saboda tsadar kashin kaji, tsami zai dawo, abin da aka tara shekaru ya fara hawa ganyen latas.