Daga Zaure Zuwa Allon Waya: Wa Ke Amsa Sallama?

A Nasarawan Doya da ke ƙaramar hukumar Maƙarfi, kamar sauran garuruwan ƙasar Zazzau, baƙo namiji ba ya wuce zaure. Nan zai tsaya ya yi sallama, idan ba a ji ba ya nemi yaro ya aika ciki, a ce ana sallama da mai gida. Aya ta 27 ta Suratun Nur ce ta ɗora wa baƙo neman izini, hadisi kuma ya taƙaita shi ga sau uku.

Yaron nan shi ne na'urar sadarwar gidan Bahaushe. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda yara ke haɗa matan kulle da duniyar waje, domin su ne ba a hana wa shiga ko'ina. Sai dai yaro ba saƙo kawai yake kaiwa ba, tace shi yake yi. Yana iya dawowa ya ce wai ana barci, baƙo ya karɓa ba tare da bin diddigi ba, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Na'urar da ke neman maye gurbinsa daga tsoro ta samo asali. A 1966 wata ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta birnin New York, Marie Van Brittan Brown, tare da mijinta Albert, suka nemi rajistar wata ƙirƙira: kyamara a jikin ƙofa, allo a ɗaki, hanyar magana da wanda ke waje, da maɓallin buɗe ƙofa daga nesa. An amince musu a 1969. Aikata laifuka da jinkirin 'yan sanda ne suka tura ta. A 2013 Jamie Siminoff ya haɗa ƙararrawar ƙofa da wayar hannu ta intanet, kamfaninsa ya zama Ring, Amazon ta saye shi a 2018.

A nan gida kuwa, tun zuwan wayar salula a 2001 zaure ya fara rasa aikinsa, don baƙo kan kira ne ya ce ga shi a ƙofa. Yanzu ɗan garin da ke aiki a Abuja, in yana da sola da data, yana iya amsa wa dillalin rake daga ofis, ko ya ga mai ƙwanƙwasa wa mahaifiyarsa ƙofa da dare. A zamanin rashin tsaro wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai abin da zaure bai taɓa yi ba. Mace baƙuwa kai tsaye take shiga, sallamarta a tsakar gida take, kuma mai gida bai cika sanin wadda ta zo biki, ko bashi, ko kawo ƙorafin mijinta ba. Kyamara ba ta san wannan iyaka ba. Kowace mai shiga, da fuskarta da lokacinta, tana bayyana a wayar mai gida, ta kuma zauna a rumbun kamfanin da ke wata ƙasa. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta zargi Ring da barin ma'aikatansa suna kallon bidiyon cikin gidajen mutane, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8.