Jirgin Alminiyam a Kwarin Dallol

Duk wanda ya hau dutsen da ke gefen Filinge ya dubi ƙasa zai gane cewa ruwa ne ya sassaƙa wannan kwari. Dallol Boso tsohuwar hanyar kogi ce, ta taso daga Azawak ta gangara kudu har ta faɗa kogin Kwara kusa da Bumba. Shekaru dubbai ke nan da kogin ya daina gudu a sarari, ya nutse ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi ba. Kakanninmu Kurfayawa sun iske kwarin a bushe, suka zama mutanen gero da doki da shanu. Ruwan da muka sani shi ne na tafki: ya cika da damina, ya ja baya da kaka, kafin bazara ya bar laka mai tsagewa da gaiwa kwance a ciki. Mai son kifi ya shiga da ƙafa da homa, in wurin da zurfi ya kwanta bisa gora. Jirgi dai ba mu gada ba.

Sai dai tsakanin Filinge da bakin kogi a Yamai kilomita kamar 180 ne kawai, kuma ta wannan bakin kogi ne ɗaya daga cikin jiragen alminiyam na farko a duniya ya wuce. A 1886 aka gano hanyar tace alminiyam da wutar lantarki, ƙarfen da a da ya fi azurfa tsada ya fara araha. Shekara goma bayan haka, a 1896, wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Hourst ya taso daga Kabara, tashar jiragen Timbuktu, da jirage uku. Biyu na katako ne, na ukun, mai suna Davoust, na alminiyam. Gunduwa-gunduwa aka ƙera shi a Faransa don a iya ɗaukarsa ta ƙasa daga Sanagal, aka zo aka ɗaure gunduwoyin a bakin kogi. Ya tsallake duwatsun Labbezanga, ya bi ta ƙasar Tilaberi, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da Sayi yana jiran ruwa ya ƙaru, sannan ya ratsa duwatsun Busa ya kai teku. Ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Auna kogin suke yi, suna zana taswira, kuma ƴan shekaru kaɗan bayan wucewarsu sai ga barikin Faransawa a Filinge. Ina faɗin wannan ne don mu san cewa ƙarfen nan bai zo mana da hannun alheri ba a karon farko.

Mutanen kogi da suka ga Davoust ba baƙin jirgi ba ne. Sorko, masunta kuma mafarautan dorina, su ne suka riƙe wa daular Sangai jiragenta, har akwai sarauta ta musamman, Hi-koi, mai kula da rundunar ruwa. Da jirage Sonni Ali, sarkin Sangai, ya kewaye Janne. Jikokin Sorko da suka gangara Kabi da Yawuri suka koma Hausa su ne Sarkawa. Masu ba da tarihin Kabi suna cewa Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu wajen 1516, yana da jirgin da aka lulluɓe da jan ƙarfe, da shi yake zagaya ƙasarsa in fadama ta cika.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin jiragen kogin nan shi ne, babu wanda aka taɓa gamawa. Inda ake da manyan itatuwa, a sare maɗaci guda a fafe. Inda babu, kamar arewacin kogin, sai a haɗa guntaye a huda bakinsu a ɗinke da igiya, a cusa ciyawa da laka a ramukan. Matafiyi René Caillié, da ya hau irin wannan jirgi daga Janne zuwa Kabara a 1828, ya ba da labarin mutanen da ba su da aiki sai kwarfe ruwa da ƙwarya dare da rana. Mungo Park ma a 1805, a Sansandin, tsofaffin kwalekwale biyu ya samu, ya yanke ruɓaɓɓen sashe ya haɗa masu lafiyar, ya sa wa abin suna Joliba, kuma a cikinsa ya wuce ƙasarmu kafin ya halaka a Busa. Daga baya katakon zarto ya riƙa zuwa daga kudancin Najeriya, maƙera suna buga ƙusoshi daga tsohon ƙarfe, kwalta da tsumma suka maye gurbin laka, aka ɗaura inji a baya. Kayan aiki sun sauya, ɗabi'ar tana nan: mai jirgi shi ne likitan jirginsa, kullum da guduma da ɗan gwangwanin kwalta a ƙarƙashin mazauni.

Cirani ne ya haɗa Kurfayawa da jirgi. A da, wanda zai tafi Kumasi ko Ankara ta Yamai dole ya biya kuɗin fito, don gadar Kennedy ta Yamai sai 1970 aka buɗe ta. Wasu ƴan ciranin ba su ma ƙetare ba, sun tsaya a bakin kogi suna dako, suna riƙe wa masu gyaran jirgi katako. Kawuna yana cikinsu. Bayan farin 1984, shekarar da ta ci garkenmu, ya tafi Yamai, ya ga da idonsa yadda kogin ya kusa tsayawa cak a watan Yunin 1985, jirage kwance a kan rairayi suna tsagewa. A wurin Sarkawa ya koyi sana'ar.

Da ya dawo gida da zama, jirgi ya biyo shi a bayan babbar mota. Ƙarami ne, mutum uku ya cika shi, na alminiyam, wanda wasu ma'aikatan raya karkara suka gama aiki da shi aka yi gwanjonsa. Irinsa ne kamfanonin jirgin sama na Amurka, kamar Grumman, suka shiga ƙerawa bayan 1945 da yaƙi ya ƙare aka rasa abin yi da alminiyam, kuma har yau can mutane na sayen tsofaffinsu suna gyarawa a gida. Namu ya iso a lotse, fenti ya kwaile, an cire mazaunai. Aka girke shi a ƙarƙashin gawon bayan gida.

Farkon abin da Kawu ya yi ya ba mu mamaki: ya ɗora jirgin bisa turame biyu, ya sa muka yi ta jido daga rijiya muna zubawa a ciki. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, mutane na sa jirgi a ruwa, kai kana sa ruwa a jirgi?" Ya ce, "Inda ya fita yau, nan zai shiga gobe." Ya kwanta a ƙasa da gawayi a hannu, duk ƙusar da ta yi gumi ya zagaye ta.

Ƙusoshin jirgin alminiyam ba masu tsini ba ne. Gajeru ne masu kai, ana zura su a rami a dake ɗaya bakin ya baje ya riƙe faranti biyu. Da tsufa sukan saki. Gyaransu aikin mutum biyu ne: ni ina ciki na danne kan ƙusa da ƙaton ƙarfe, shi yana waje yana bugu a hankali da ƙaramar guduma. "Danne da ƙarfi, ɗana, in ka saki ni da kai mun yi aikin banza." Wadda ta ci ta lalace sai ya huje ta, ya yanko guntu daga wayar alminiyam mai kauri ya yi sabuwa. Maƙerin unguwarmu ya kawo shawarar a sa ƙusar ƙarfe da noti, sun fi ƙarfi. Kawu ya ƙi, kuma yana da gaskiya: in baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe ya zauna jikin alminiyam cikin danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ramin ya yi ta faɗi har ƙusar ta faɗo da kanta.

Akwai wata tsaga a gindi mai tsawon tafin hannu. Mai walda na kasuwa ya ce a kawo, Kawu bai kai ba. Alminiyam na narkewa a zafin digiri 660, amma siririyar fatar da iska ke yi masa ba ta narkewa sai an haura 2000, don haka kafin wutar walda ta gama da fatar, cikin ya zube ya bar rami. Sai walda mai iskar argon, wadda a lokacin sai Yamai. Shi kuwa ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya yanko faci daga tsohon faranti, ya shimfiɗa robar cikin taya da kwalta a tsakani, ya jera ƙusoshi kewaye. Facin Sarkawa ne sak, ƙarfe kawai ya canza.

Sauran aikin na mai da jirgin ɗan Kurfai ne. Ya shimfiɗa katako a ciki, don da rana ƙarfen ba ya takuwa da ƙafa, kuma ƙararsa na korar kifi. Ya kafa mazauni mai murfi inda ake ajiye mamari da taru. Ya naɗe baki da tsohuwar taya saboda raga kada ta yage. Gindin kuwa ya sha fenti rufi bisa rufi, domin wasu tafkunan kwarin nan da kanwa a ruwansu, kuma kowace mace ta san abin da kanwa ke yi wa tukunyar alminiyam. Inji bai sa ba, gwangwala da filafili sun ishi tafki.

Na fahimci dalilin da ya sa mutanen kogi ba su karɓi alminiyam ba. Yana da tsada, ba ya ɗaukar buhuna da shanu kamar babban jirgin katako, iska na wasa da shi saboda rashin nauyi, kuma kafinta da katako suna nan a kowace tasha daga Ayoru zuwa Gaya. Shi ya sa yawancin irin waɗannan jirage, in sun tsufa, hanyarsu ɗaya ce: kasuwar Katako a Yamai, inda masu zubi ke narka gwangwani da tsohon inji da gawayi su fitar da tukwane da ludaya, sana'ar da ta bazu a Afirka ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu. A kan kilo ake sayensa, ba a tambayar ko yana iya tafiya.

Amma lissafin kogi daban, na tafki daban. Jirgin katako ruwa ne ransa. In ya yi watanni a tudu katakon ya tsuke, haɗin ya buɗe, gara ta shiga, kafin damina ta dawo sai an nutsar da shi ya kumbura an sake cusa tsumma ko'ina. Tafkinmu kuwa ya fi daɗewa a bushe fiye da cike. Alminiyam bai damu da rani ba, gara ba ta cinsa, nauyinsa kamar sulusin na baƙin ƙarfe ne, mutum biyu sun ɗora shi a amalanke su kai wani tafkin in wannan ya janye. Yanzu da ake zuba ƴaƴan tarwaɗa da karfasa a tafkunan Nijar don mutane su samu abinci da abin sayarwa, ina ganin ƙungiyoyin masunta na kwarin Dallol sun fi kowa buƙatar irin wannan jirgi, kuma abin da ya rage musu shi ne masu iya gyara. Kayan aikin ba su fi a zuba a buhu ɗaya ba: guduma, ƙarfen dannewa, abin huji, almakashin kwano, wayar alminiyam da kwalta. Maƙeran Filinge da Baleyara da Bonkuku sun riga sun iya abin da ya fi wannan wuya. A nuna musu bugun ƙusar nan, a kuma riga masu zubin tukwane zuwa wurin gwanjo.