Daga Kaset Zuwa Waya: Ina Bidiyon Bikin Gidanku Yake?

Idan ka tashi a Unguwar Rimi, Kawo ko Malali, wataƙila akwai wani kwali a ɗakin Mama cike da kaset-kaset. Ka taɓa tambayar abin da ke ciki?

Bari mu koma baya kaɗan. A 1962 gidan talabijin na gwamnatin Arewa ya fara aiki a Kaduna, a 1977 kuma ya koma ƙarƙashin NTA. A nan iyayenmu suka riƙa kallon Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero. Lokacin in shiri ya wuce ka, shi ke nan, sai dai a ba ka labari da safe.

Kaset ne ya sauya wannan. Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Duk su biyun 'yan Japan ne, amma VHS ya yi nasara, musamman don yana ɗaukar sa'o'i fiye da Betamax. Da na'urar ta bazu a gidaje, sai biki da suna da walimar sauka suka samu sabon baƙo: mai bidiyo, kyamara a kafaɗa, yaro na bin sa da fitila. A kan irin wannan kaset ɗin aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood.

Daga baya faifan CD da DVD suka ture kaset, waya kuma ta ture su duka. A 2016 Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina.

To ga inda matsalar take. Hoton da ke kaset maganaɗisu ne a jikin siririn zare, kuma yana raguwa a hankali. Laimar daminar Kaduna tana sa masa fumfuna, zafin bazara yana sa zaren ya manne. Finafinai wataƙila wani ya kwafe su, amma bikin iyayenka fa? Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma a ciki akwai muryar kakar da ba za ka sake ji ba.

Ceto shi ba wuya. Ka nemo na'urar bidiyo mai aiki, ka gwada wajen masu gyaran rediyo da talabijin. Ka samu ɗan makama na USB mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Ka haɗa da kwamfuta, ka buɗe manhajar OBS Studio wadda kyauta ce, ka zaɓi PAL don shi ne tsarin Najeriya, ka ajiye a MP4. Kaset na awa uku, awa uku zai ci, babu gaggawa. Idan ka ga farin fumfuna a zaren kada ka kunna, sai an goge, don zai ɓata kan na'urar.

Ka ajiye kwafi a filashi da Google Drive, ka tura wa 'yan uwa, kuma kada ka yar da kaset ɗin.

Wane kaset ne har yanzu yake gidanku? Faɗa mana a ƙasa.