Ginin Ne Ya Tsuke, Ko Kyamara Ce?



Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar Gobarau a Katsina ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya san abin da ke fitowa: sama ta tsuke, ginin kamar zai kife ta baya. Da zarar an ɗaga bakin kyamara, layukan da ke tsaye sai su nufi haɗuwa.

Matsalar ta girmi waya. Masu hoto na ƙarni na 19 sun magance ta da manyan kyamarori masu jiki kamar zugazugin maƙera. Sukan bar akwatin a miƙe, su gusa gilashin gaba sama, sai kan ginin ya shigo. Yawancin ƙananan kyamarori ba su zo da wannan dabara ba, sai a farkon shekarun 1960 da Nikon ya fitar da gilashi mai gusawa, PC-Nikkor 35mm. A 1973 Canon ya kawo wanda ke gusawa kuma yana karkatawa. Yau akwai adafta da ke ɗora gilashin babbar kyamara a kan ƙarama, domin da'irar hotonsa ta fi faɗi, akwai wurin gusawa. Sai dai in aka gusa da yawa gefen hoto kan yi duhu, kuma in gilashin yana lanƙwasa layi, gusawa ba ta gyara shi.

An ƙera waɗannan kayan ne da tunanin bango mai tashi sak. Ginin tubali kuwa, magini kan kauranta gindinsa ya riƙa rage shi zuwa sama, don ya iya ɗaukar nauyin kansa. Wato bangonmu da ma tsukakke ne. Ka ɗaga kyamara, ka ƙara masa tsukewar da ba tasa ba. Ka miƙar da shi da manhajar waya, ka goge hikimar magini.

Shi ya sa aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan Foland, ya yi daraja. Bai tsaya ga hoto ba, ya haɗa da awo da zane. Aikinsa ne tushen gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Mu a nan Batsari da Safana, ƙauyuka da dama sun watse saboda rashin tsaro, zaurukan da aka bari damina na cinye su. Wata rana hoton wayarka ne kaɗai shaidar siffarsu. Don haka in za ka ɗauki tsohon gini, a Ruma ko wani wuri, ja da baya, riƙe wayar a miƙe, sa wani ya tsaya jikin bangon don a gane tsayinsa, ka rubuta wuri da rana, kuma ka ajiye na asali ba gyara.

Allah ya ba mu zaman lafiya.